Direban da Bai Ce "Amma" Ba

Ina tsugune ina ɗinke ƙafar wata kujerar ƙarfe, wutar walda na tartsatsi, sai na ji an daki kafaɗata ta baya. Na ɗage gilashi a fusace, don na tsani a taɓa ni ina aiki. Matar yayana ce, mayafi a karkace, ƙafa ɗaya takalminta, ɗayar silifas ɗin banɗaki.

"Kashe injin nan ka taso," ta ce. "Yayanka zai kai kansa mahauta."

Na riga na san rabin zancen. Yaya direban tankar ruwa ne, yana kai wa masu gini ruwa. Jiyan ranar, a mahaɗar da ke gaban gidan mai, wani saurayi ya fito da babur daga bayan wata bas da ke tsaye, ya faɗo gaban tankar. Yaya ya taka birki, sai dai mota cike da ruwa ba ta tsayawa don kawai an ce ta tsaya. Shi ya ɗauki saurayin da hannunsa ya sa a bayan wata a-kori-kura, kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Daga asibiti ya wuce ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, a can ya kwana, da safe mai tankar ya yi belinsa. Duk wanda abin ya faru a gabansa shaida ɗaya ya bayar: ba laifin direba ba ne.

"To yanzu kuma mene ne?" na tambaye ta.

"Ya yi wanka ya sa fararen kaya. Wai gidan makokin za shi gaisuwa. Gidan kafintoci ne fa. Jiya yayyen yaron har ofishin 'yan sanda suka je, ɗaya da guduma a hannu, suna cewa a fito musu da direba. Da ƙyar aka kore su."

Ko shagon ban rufe ba. Na bar wa maƙwabcina mai faci, na bi ta a guje.

Bari in faɗa muku wane ne Yaya, don ku san irin mutumin da na je hanawa. A garejinsu ba wanda ke kiransa da sunansa, Gafara Dai suke ce masa. Mutum ne da zai tarar da akuya kwance a hanya ya ce mata gafara dai. Hon ɗin tankarsa ya fi komai daɗewa a jikinta, saboda ba ya aiki sai ta kama dole. In ya kai ruwa wurin gini sai ya gaishe da mai gadi, ya gaishe da leburori, ya tambayi mai kwaɓa siminti ya jikin tsohuwa, kafin ya kwance tiyo. Ni kuwa tun ina yaro abin haushi yake ba ni. Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha, amma ni in aka taka ni sai an ji a unguwa.

Na same shi a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, yana durƙushe yana mata sallama. Ɗakin kamar kullum: gadon ƙarfen da na haɗa mata, buta a gindinsa, rediyon da ba ya kama komai sai shuu, ƙamshin man zafi. Inna na zaune a bakin gado, idonta ya yi rauni ƙwarai a shekarun nan, ta dafa kan Yaya da hannu ɗaya.

"Yaya, kanka ɗaya kuwa?" na ce tun daga bakin ƙofa.

"Sallama dai tukuna," in ji Inna.

Na yi sallamar a tsaitsaye, na ci gaba. "Mutanen nan jininsu a tafashe yake. Ko kwana biyu ba a yi ba. Ka bari a aika dattawa, mai mota ya ce zai tura wakili, in ƙura ta lafa sai ka je. Kana da 'ya'ya fa! Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

"Wakili bai kaɗe kowa ba," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

"Kai ma ai ba da gangan ka yi ba! Kowa ya gani. Tsautsayi ne, kuma yaron ne ya..."

"Na sani."

Na juya wurin Inna. "Inna, ki yi masa magana mana. Ke kaɗai yake jin maganarki. Wallahi in ya shiga layin nan sai dai a ɗauko shi."

Matar Yaya na tsaye a bayana tana shasshekar kuka. Inna ma tsoron take ji, uwa ce. Can ta ce, "Ni na koya masa. In na hana shi yau, ashe duk abin da na faɗa muku tun kuna yara ƙarya ne."

Abin da ta koya mana ɗin ga shi. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Inna ta riƙe mu da wankau da guga a gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda kullum sai an yi ɓarna, kullum sai an yi faɗa. Dokarta ita ce, wanda ya ɓata abin wani, shi zai ɗauka da hannu biyu ya kai wa mai shi, ya durƙusa, ya faɗa da bakinsa. Ba aike. Kuma in ka ce a yi haƙuri, to ka rufe baki daga nan, ba a ɗora masa "amma". Takan ce amma tsintsiya ce, duk haƙurin da ka zuba a gabanta sai ta share. Akwai ranar da Yaya ya fasa fulas ɗin shayin wata maƙwabciyarmu, kuma ɗanta ne ya hankaɗa shi, a gabana aka yi. Ya kai mata fasassun, ya ce, "Ki yi haƙuri, amma ɗanki ne ya ture ni." Inna na jinsa daga bakin igiyar shanya. Ta kira shi, ta sa ya kwashe fasassun ya koma ya sake. Ni na tsaya ina ihu ba adalci, har na sha dunduniyar hannu a ƙeya. Shi ya ɗauki karatun ya riƙe har girma. Ni dai ƙeyar ce ta riƙe.

"To fulas daban, rai daban," na ce wa Inna. "Wannan ɗan mutum ne ya mutu."

"Shi ya sa," ta ce. Sannan ta juyo da fuskarta inda take jin muryata. "In kana tsoron abin da zai same shi, raka shi. Sai dai ka bar mini bakinka a nan, zan ajiye maka har ka dawo."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya miƙe, ya ce wa matarsa ta yafe masa in ya taɓa ɓata mata, ita kuwa ta ƙara fashewa. Daga wannan maganar na gane shi ma ya san abin da zai iya faruwa.

Mun sauka daga mota a bakin titi muka shiga layin da ƙafa. Tun daga nesa muka hango rumfar tamfol da bencina, mutane cike. Gidan na jikin shagon kafinta: katakai a jingine, garin katako ya rufe ƙasa, ga wani gado da ba a gama haɗawa ba an tura shi gefe, zarto da guduma a kan teburin aiki ba wanda ya kwashe. A jikin bango kuma ga babur ɗin, gabansa a murɗe, fitila a fashe. Da Yaya ya gan shi sai ya ɗan tsaya. Na kama hannun rigarsa na ce, "Har yanzu ba wanda ya gane mu. Mu juya."

Ya zare hannuna a hankali. Ya cire takalmansa tun kafin mu kai tabarmar farko, ya jera su gefe, ya fara gaisuwa.

Bi da bi ya yi, bai tsallake kowa ba. Ni ina biye da shi, ina miƙa hannu. Samarin gidan suna can ɓangaren shagon a tsaitsaye, ba su zauna ba. Na gane babban wan mamacin ba tare da an nuna mini ba: ƙato ne, ido jajir, har yanzu da fensir saƙale a kunnensa, da alama tun jiya ya manta da shi a nan. Yaya ya miƙa masa hannu ya ce ya haƙuri, shi ma ya karɓa bai san hannun wa ya riƙe ba. Na ce a raina, shi ke nan, an gaisa, Allah ya gani, mu sulale.

Ina! Yaya ya wuce kai tsaye wurin uban.

Tsoho ne siriri, zaune a kan darduma ya jingina da bango, carbi a hannu, ɗan yatsansa ɗaya guntule irin na wanda ya tsufa a gaban zarto. Yaya ya durƙusa a gabansa har gwiwa ta taɓa ƙasa. Ni ma na tsuguna a bayansa, ina lissafin ta inda za mu gudu.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Na gode." Tsohon ya ƙura masa ido. "Ban waye ka ba, ɗana. Abokin aikinsa ne?"

"A'a, Baba. Ni ne direban."

Bai ɗaga murya ba, amma sai ka ce a lasifika ya faɗa. Maganar ta bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya, surutu ya ɗauke. Wani dattijo da ke kurɓar ruwa ya tsaya da kofi a baki. Na ji benci ya faɗi ta wajen shagon, na ji takun ƙafafu a kan garin katako. Ban juya ba, tsoro ya hana ni, kuma ba na jin kunyar faɗa. Inuwarsu kawai na gani ta rufe mu.

"Wane direban?" Muryar babban wan ce a kanmu. "Kai! Da kai nake. Maimaita."

Yaya bai juya ba. Da uban yake magana, kuma a gidanmu ba a juya wa babba ƙeya don a amsa wa wani.

"Ku dakata," in ji tsohon. Ya ajiye carbin a cinyarsa. "Me ya kawo ka?"

"Na zo ne ka ji daga bakina, Baba. Motata ce ta buge ɗanka, ni ke riƙe da sitiyari. Ka yi haƙuri."

Ya yi shiru. Tsohon ma ya yi shiru, yana jira. Kowa a wurin jira yake, don kowa ya san akwai sauran magana, kuma maganar gaskiya ce, ita ce kuma kaɗai za ta iya fitar da mu daga layin nan da ƙafafunmu. Ni kam ta cika mini baki har tana neman shaƙe ni.

"Shi ke nan?" tsohon ya ce.

"Shi ke nan, Baba."

"An ce shi ya shigo maka hanya."

Ga ƙofa an buɗe masa da hannu biyu! Uban da kansa ya buɗe. Cewa kawai Yaya zai yi haka ne. Na zunguri bayansa da gwiwa. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Haba! Ban san sanda bakina ya buɗe ba. "Baba, am..."

Yaya ya miƙo hannu ta baya ya damƙe idon sawuna. Hannun mai juya sitiyarin tanka ne, na ji kamar an sa mini filaya. Na haɗiye sauran.

"Munafunci ne!" wan ya daka tsawa. "Turo shi aka yi ya zo ya yi mana ladabin kura a kashe magana. Ka kashe mana yaro ka zo kana mana sanyin murya?"

Kafin wani ya tare shi na ji iskar abu ta wuce kunnena. Guntun katako ne mai kauri, ya sauka a kafaɗar Yaya ta dama, ƙarar kamar an fasa itace. Yaya ya kife ya dafa ƙasa. Mata suka fara salati daga cikin gida, dattawa suka miƙe suna "kai, kai, kai," sauran samarin suka matso, na ga ɗaya ya ɗauko gudumar nan daga kan tebur. Na zabura zan tashi, idona ya rufe, na ce yau sai dai a yi gawa biyu ko uku. Hannun Yaya na hagu ya sake cafko ƙafata ya mayar da ni ƙasa. Yaya ya ɗago a hankali, ya koma durƙusonsa yadda yake, hular da ta faɗi ma bai ɗauka ba. Kafaɗar ta zube gefe guda, numfashinsa na fita da ƙyar.

Wan ya sake ɗaga katakon.

"In ka sauke shi a kansa, a kaina ka sauke," in ji tsohon.

Katakon ya tsaya a sama. Tsohon bai ko kalli ɗan nasa ba, Yaya yake kallo.

"Tun jiya nake karɓar gaisuwa," ya ce, muryarsa a dushe. "Ɗan sanda ya ce Allah ya jiƙansa, amma yaran yanzu ba sa duba hanya. A asibiti haka. Maƙwabtana da muka tsufa tare, ga su nan zaune, kowa in ya yi addu'a sai ya ɗora mini amma ai ka san shi da gudu. Na sani! Ni na haife shi, na fi kowa sani. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ana ta yi masa shari'a a ƙofar gidana." Ya goge bakinsa da gefen rawani. "Kai kaɗai ke da hujjar faɗa, kai kaɗai ne kuma ba ka faɗa ba."

Wasu daga cikin dattawan suka sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar, don saura ƙiris in shiga layinsu.

"Wa ya haife ka?"

"Mahaifina ya rasu, Baba. Mahaifiyata na nan, wankau take yi da."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza guntun yatsan nan. Sannan ya yi tambayar da nake jin tun jiya take cinsa bai sami wanda zai yi wa ba.

"An ce kai ka ɗauke shi. Ya yi magana?"

"Ya yi, Baba."

"Me ya ce?"

Yaya ya ce, "Kansa na kan cinyata a bayan mota. Ya buɗe ido ya tambaye ni babur ɗin. Na ce yana nan, kar ya damu. Sai ya ce, 'Na babban yayana ne. Ban tambaye shi ba na ɗauka. Na fasa masa fitila, zai yi faɗa.' Na ce ba zai yi ba. Ya ce, 'Ka ce masa zan gyara.' Daga nan na ga numfashinsa na sama, na yi masa kalmar shahada, ya karɓa, Baba. Da bakinsa ya faɗa, na ji da kunnena. Ni na shafe masa ido."

Katakon ya faɗi a bayana. Wan ya yi wani irin sauti da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya dafe kai da hannu biyu, ya juya ya shige shagon yana tuntuɓe da katakai. Muna jiyo shi daga ciki yana kiran sunan ƙanensa, yana cewa wace fitila, wace fitila. Mai gudumar ya tsaya yana kallon hannunsa, can ya ajiye ta ya bi bayan ɗan'uwansa. Ba su ce sun yafe ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Tsohon ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. "Ya karɓa," yake ta faɗa. "Alhamdu lillahi, ya karɓa." Ba wanda ya motsa har ya gama.

Na matsa kusa da kunnen Yaya na ce, "Tashi mu tafi, kafaɗar nan ta karye." Ya girgiza kai. Ba a sallame shi ba.

Tsohon ya share ido. Ya ja jikinsa gefe a kan dardumar, ya buga wurin da ya bari da tafin hannu.

"Taso ka zauna nan."

"Baba, nan ma ya isa."

"Na ce ka taso."

Na taimaka masa ya miƙe, ya zauna a gefen tsohon, a ɗofane, kansa a ƙasa. Wani ya miƙo hularsa, na karɓa na kaɗe na ɗora masa. Ana haka sai ga wasu baƙi sun iso, 'yan kasuwar katako, ba su san abin da ya faru ba. Suka cire takalma, suka zo suka gaishe da tsohon, suka yi addu'a. Na gabansu ya dubi Yaya, ya ga baƙuwar fuska a wurin zaman masu karɓar gaisuwa, ya ɗan yi turus.

"Ku yi masa shi ma," in ji tsohon. "A cinyarsa ɗana ya cika."

Mutumin ya sunkuyo ya miƙa hannu. "Ya haƙuri?"

Yaya ya yunƙura zai ɗaga hannun dama, hannun ya ƙi tashi. Na ga ya cije leɓe, ya sa na hagu ya tallafo shi ta gwiwa, ya miƙa wa mutumin a haka. Ya buɗe baki zai amsa, sai kukan da bai yi ba tun jiya ya ƙwace masa, tsohon ne ya amsa a madadinsa.